Maƙala biyu a hannu, kuɗin guda ma bai cika ba: wace zan tura, kuma ina?

Malamin Garkuwa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina koyar da ilimin garkuwar jiki a nan Yamai, kuma ina son in aje dosiyena na neman ƙarin muƙami a CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashenmu, baɗi in Allah ya kai mu. Maƙala biyu na gama. Ta farko, mun ɗebi jinin ɗalibanmu masu shiga likita koyon aiki, muka auna da gwajin ELISA ko suna da kariya daga ciwon hanta nau'in B. Kun san allurar ba ta shiga rigakafin yara a Nijar ba sai 2008, mafi yawansu kuwa kafin nan aka haife su, kuma waɗanda anti-HBs ɗinsu, wato ma'aunin kariyar a jini, bai kai 10 ba sun fi yadda na zata. Ta biyu ta koyarwa ce: shekara biyu ina fara darasi da labarin maras lafiya kafin in shiga zancen ƙwayoyin T da B, sai na kwatanta sakamakon jarrabawa. Jika 700 na tara. Wata mujalla ta waje da ke cikin PubMed, kundin maƙalun likitanci, ta ce kuɗin bugawa dala 1,800. A Google Scholar, shafin da ke ƙirga maƙalu da ambatonsu, maƙala 7 gare ni, ambato 41, h ɗina (ma'aunin yawan ambaton aikin mutum) 3. In ci bashi in cika in tura ta hanta can, ko in raba su a mujallun yankinmu? Ita kuma ta koyarwa, kwamitin likitanci zai ƙirga mani ita ko za a ce na bar fagena?

Ɗan Gamkalle: Wa alaikumus salam Malam. Ni shawarata ka koma binciken zazzaɓin cizon sauro, can kuɗi suke, can ake ambaton mutum.

Bagobirin Wadata: Dala 1,800? Haba Malam, ai jika tara ke nan. Biyo ta kasuwa in ba ka, har da na taksi.

Malamin Garkuwa: Allah ya bar zumunci yaya, dalar Amurka suke nufi. Ta haura miliyan guda.

Uwar Tagwaye: Ƙanena, kafin ka fidda ko dala guda ta gida, ka ji abin da ya same ni. Ina shirin dosiye kamar kai, saƙo ya shigo mani daga wata mujalla, sunanta kamar na babbar mujallar da kowa ya sani, kalma ɗaya ce ta bambanta. Suka yabi tez ɗina, suka ce suna jiran aikina. Aikin kuwa shekara uku na yi a kansa, kan ƙwayoyin garkuwa na CD4 na mata masu ciki, ni da kaina nake ɗaukar jini a kula mai ƙanƙara bisa babur. Na tura ran Litinin, ran Juma'a suka ce an karɓa, ko waƙafi ba a gyara ba. Na yi murna, ban san nan ne alamar ba. Suka ce dala 450. Na sayar da ragunan da nake kiwo don layya, maigidana ya cika. Da dosiye ya dawo, an ja layi a kan maƙalar: mujallar ba ta cikin kowane kundi da aka yarda da shi. Lambar tasiri, wato ma'aunin yawan ambaton mujalla, da suka manna a shafinsu ƙirƙirarta suka yi. Na rubuta masu su cire aikin in kai wani wuri, suka ce sai na biya kuɗin cirewa, dala 300. Ban biya ba, kuma ba mujallar kirki da za ta karɓi abin da aka riga aka buga. Yau shekara biyar, ambato sifili. Waɗanda muka fara tare sun wuce ni da mataki guda. Abin da ya fi ci mani rai matan nan ne, su ɗari da wani abu, da suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu don na ce masu zai amfani wasu.

Ƴar Ader: Innalillahi. Allah ya mayar maki da alheri yaya. Amma dala 450 ta yi yawa, ni irin waɗannan dala 80 suka nema gare ni, da na yi shiru suka sauko 50.

Ɗan Gamkalle: Wani abokina Yuro 200 ya biya kuma CAMES ta ƙirga mashi. Sa'a ce kawai.

Uwar Tagwaye: Ba sa'a ba ce, ko dai tasa ta gaske ce ko ba a duba ba a shekarar. Kada ka sa yaro ya yi caca da aikinsa.

Mai Tsaron Littattafai: Ku yi mani haƙuri in sa baki, shekara goma sha ina aikin laburare. Hajiya, abin da ya same ki yana da suna, mujallu masu farauta. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana jera sunayensu har ya rufe jerin a farkon 2017. Yanzu hanyar da ta fi ita ce mutum ya duba da kansa: a nemi sunan mujallar a kundayen mujallun da aka tantance, wato DOAJ, jerin Scopus, da kundin NLM, kada a yarda da tambarin da ke shafinta. Malam kuma, ka tambaye su yafiyar kuɗin bugawa kafin ka tura? Nijar tana rukunin A na Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun kimiyya, wanda ya samo asali daga Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002. Manyan kamfanonin buga mujallu da dama suna yafe kuɗin gaba ɗaya in marubucin da ke amsa wasiƙa yana aiki a ƙasa irin tamu. Sharaɗin shi ne a nema lokacin turawa. In an riga an karɓa, da wuya su saurare ka. Akwai kuma mujallun da ba su karɓar ko sisi daga marubuci, mai karatu ne ke biya.

Dokta Liyon: Da girmamawa, wanda bai taɓa buga maƙala ba bai san zafin masu tantancewa ba. Malam, ka biya. Nan Faransa ba wanda zai buɗe takardarka in mujallar ba ta da lambar tasiri. Mujallar Nature ma Yuro 9,500 ta sa a 2021 ga mai son a karanta aikinsa kyauta, wato sama da miliyan shida na sefa. Dala 1,800 araha ce. Da h 3 ba za ka samu tallafin bincike ko ɗaya ba.

Ƴar Ader: Dokta, kai labo ɗinka ke biya maka, mu daga albashi muke cirewa. Kuma Malam bai ce Faransa zai tahi neman aiki ba. Ni a Tawa nake, fannin ilimin koyarwa, kuma maganar Mai Tsaron Littattafai gaskiya ce, ta hanyar irinsu na samu yafiya sau biyu.

Dokta Liyon: Ilimin koyarwa daban, garkuwar jiki daban. Ku ambato goma ya ishe ku shekara goma.

Ƴar Ader: To ai ka faɗi abin da ya sa ba a gwada mu da mudu guda. Lambar tasiri ambaton shekara biyu take ƙirgawa. Fagenku yana gudu, maƙala guda tana jero madogara hamsin ko fiye, dubban labo suna aiki kan abu ɗaya. Mu aikinmu a littafi yake fita, da Faransanci, sai ya shekara biyar kafin wani ya waiwaye shi, kuma mushen da ya ɗauki dabarar ya shiga aji da ita ba ya rubuta maƙala balle ya ambace ka.

Tsohon Farfesa: Ƴaƴana, ku sassauta. Na zauna a irin kwamitocin nan kafin in aje aiki. CAMES ɗin nan a Yamai shugabannin ƙasashe suka kafa ta a 1968, ko da yake hedkwatarta tana Wagadugu, kuma ta girmi wannan h da kuke faɗa a kai nesa ba kusa ba. Wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. Ma'anar h 3 kawai maƙala uku kowace an ambace ta aƙalla sau uku. Google Scholar yana haɗawa da tez da memuwar na ɗalibai, shi ya sa lambarsa ta kan fi ta Scopus. A zamaninmu abin da muke dubawa shi ne mujallar tana da masu tantancewa na gaske, sunanka a wane matsayi yake, kuma aikin yana cikin fagen da kake neman muƙami. Ɗana, ka nemi littafin ƙa'idojin kwamitinku na bana ka karanta da idonka, don ana sabunta shi.

Ɗan Gamkalle: Ranka ya daɗe, zamaninku da namu ba ɗaya ba ne. Yanzu kome ta intanet ake ajewa.

Bagobirin Wadata: Kai Bazabarme, bar Baba ya yi magana. Kai da h ɗinka bai kai yawan matanka ba.

Ɗan Gamkalle: Bagobiri, ka fara koyon bambanta dalar Amurka da ta Wadata tukuna.

Na Bakin Maikuroskop: Baba ya taɓo inda ke mani ciwo, matsayin suna. Ni teknisiyan ne. Lokacin sanƙarau na 2015, da nau'in C ya auka wa Yamai, kwana nawa ban kwana gida ba. Ruwan ƙashin baya na yara yana zuwa da dare, ni ke karɓa, ni ke shafawa, ni ke rubuta rajista. Bayan shekara biyu na ga maƙala ta fito daga wata tawaga ta waje da muka yi aiki tare, sunaye sun fi goma. Nawa yana can ƙasa wajen godiya, an ma rubuta shi ba daidai ba. Yau an ambaci maƙalar fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ni ko Google Scholar bai san ina duniya ba.

Uwar Tagwaye: Na waje ma da sauƙi. Nan gida fa? Ka gama wahala, maigidan sashe ya ce a sa sunansa a gaba, a sa na wani abokinsa da ke shirin agiregasiyon, jarrabawar hawa muƙamin farfesa, mutumin da ko ƙofar labo bai sani ba. In ka ƙi, wa zai sa maka hannu a dosiye?

Mai Tsaron Littattafai: Akwai ƙa'ida a rubuce, ta kwamitin editocin mujallun likitanci da ake kira ICMJE. Sharaɗi huɗu ne: ka taka rawa ta gaske a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ka rubuta ko ka gyara, ka amince da kwafin ƙarshe, ka ɗauki alhakin abin da ke ciki. Kuma ta ce wanda ya cika na farko a ba shi damar cika sauran. Ɗan uwa na labo, da an bi ta da an turo maka daftarin.

Dokta Liyon: A nan na yarda da ke. Amma mu ma mu faɗi gaskiya, sau nawa ake turo daftari gida a yi wata uku ba amsa?

Na Bakin Maikuroskop: Ni ba a turo mani ba Dokta. Lambata ba ta canza ba tun wancan lokacin.

Malamin Garkuwa: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na rubuta wa mujallar neman yafiya yau da safe, ina jira. Amma har yanzu ba wanda ya ce mani kome kan maƙalar koyarwa. Baba Farfesa, a kwamitin da ka zauna, an taɓa ƙirga wa likita irinta?

Uwar Tagwaye: Kafin Baba ya amsa, ƙanena, gaya mani tukuna: sunaye nawa ke kan ta hantar, kuma cikinsu nawa ne suka taɓa riƙe sirinji? Yaran da suka taya ka ɗibar jinin, ka sa ko ɗaya?