Neman shawara: murhun jan bulo a falo, mu shafe shi da fenti ko mu bar shi?

Mai tambaya, Manchester:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Allah ya nufa mun sayi gida a Levenshulme, irin jerin gidajen nan na jan bulo masu bango manne da na maƙwabta, tun zamanin Sarauniya Victoria. A falo akwai murhun ɗumama ɗaki. Bangon wurin ya turo cikin ɗakin, bulon a fili yake ba filasta, ga kanta ta katako a samansa. Waɗanda muka saya a hannunsu sun toshe bakin murhun da wani allo, ba a hura wuta a ciki. Bulon ya yi baƙi wajen bakin, kuma daga gefe ɗaya akwai wani farin abu kamar gishiri, in na share sai ya dawo.

Abban yara so yake a shafe shi duka da farin fenti a rataya talabijin a kai, wai falon zai fi haske. Ni kuwa jan bulon ne ya ja hankalina tun ranar da muka zo duba gidan. So nake in jera kayan da na zo da su daga gida a kan kantar, in cire allon, ramin kuma ya zama mazaunin kaskon turaren wuta. Yaranmu ƙanana ne. Me kuka gani?

Anti daga Leicester:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa kun shiga a sa'a. Ƙanwata, ajiye maganar ado tukuna. Wannan farin gishirin da kika ce yana dawowa alamar danshi ce. Ruwa ne ke ratsa bulon, in ya bushe ya bar gishirin a waje. Yawanci in aka toshe murhu ba a bar wa iska hanya ba, ruwan sama ya riƙa sauka ta bututun hayaƙi, sai ya rasa inda zai bi. Ki sa a hau a duba saman bututun, ko yana da hula ko babu. Duk abin da kika jera ko kika shafa kafin a gyara wannan, aikin banza ne.

Mai aikin gini, Birmingham:
Anti ta faɗi gaskiya. In ƙara kaɗan, tunda sana'ata ce.

Gidajen wancan zamanin ba da siminti aka ɗaura bulonsu ba, da kwaɓin farar ƙasa ne, wanda ke shan danshi ya kuma sake shi. Bulon ma ya fi na yanzu laushi. Fentin zamani yana rufe ƙofofin bulon ruf, danshin ya maƙale a baya, bayan wani lokaci fentin ya kumbura ya fara ɓarewa, wani lokacin har da fuskar bulon. Kuma bulo na shan fenti, in ya shiga ya shiga. Ana iya cirewa da magani, amma aikin na da tsada kuma da wuya ya koma yadda yake.

Sai allon. Hajiya, don Allah kada ki ɓalle shi da hannunki, kada Alhaji ya sa guduma. Wasu tsofaffin allunan da ake toshe murhu da su suna da asbestos, wani ma'adini da a da ake sawa a kayan gini, wanda ƙurarsa ke yi wa huhu mummunar illa, kuma sai 1999 aka gama haramta shi a Birtaniya. Ba a gane shi da ido. A yi gwaji tukuna. Haka kantar katakon, in akwai tsohon fenti a jikinta kada a goge shi a bushe da sanfefa, don fentin da yana iya ƙunsar dalma, ga ki da ƙananan yara.

Baƙin kuwa kunkunniya ce kawai. Ruwan ɗumi, sabulun wanke bango da ake kira sugar soap, da buroshi mai tauri amma ba na waya ba. Ki fara gwadawa a lungu. Kada ki bari wani ya kawo miki asid ɗin wanke bulo, yana cin farar ƙasar da ke tsakani. Gishirin a bushe ake share shi, in kika jiƙa shi komawa ciki yake yi.

Maman 'yan biyu, Glasgow:
To ni dai ina bayan Abban yara. Ku yi haƙuri. A hunturu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara, ga ɗakunan gidajen nan ƙanana, ga jan bulo mai duhu ya tokare tsakiyar falo, wallahi sai ɗaki ya yi wa mutum nauyi. Nawa fari ne kuma ban taɓa jin na ƙosa da shi ba. Ba kowane jan bulo ne ke da kyau ba, wani an yi masa faci da siminti nan da can, an gina shi ne don a rufe da filasta.

Mai aikin gini, Birmingham:
Maman 'yan biyu, maganarki ta ƙarshe daidai ce, da yawa daga cikinsu asali a rufe suke, daga baya aka kankare filastar. In dai haske ake so, akwai tsaka-tsaki: ruwan farar ƙasa, irin wanda muka sani a gida ana shafa wa bango. Shi ba ya toshe bulo. In aka tsinka shi da ruwa sosai, jan yana ɗan lekowa ta ƙasa, kuma ana iya ƙara shafi in an ga bai isa ba. Sai dai a sa safar hannu da tabarau, yana cin fata. Amma fa bayan bangon ya bushe.

Ma'aikaciyar jinya, Leeds:
Ni maganar kaskon ce ta tsaya mini. Yaya, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. A gida tagogi a buɗe suke, ga tsakar gida. Nan kuwa gilashi biyu ne a taga, an toshe duk wata kafa saboda sanyi. Kada ki ɗauka don kin sa kaskon a ramin murhu hayaƙin zai fita ta sama, in bututun a toshe yake ɗakin zai dawo. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala su ne alamun farko, kuma yara sun fi saurin galabaita. Ki nemi kaskon lantarki, ƙamshin bai ragu da komai ba. Ki ajiye kaskon gawayin a wurin don ado kawai. Sannan ki sayi ƙararrawar kabon monoksaid, daban take da ta hayaƙi. Masu haya ma, tun Oktoban 2022 dokar Ingila ta wajabta wa mai gida ya sa ta a duk ɗakin da ke da murhun itace ko hitar gas.

Mai tambaya, Manchester:
Innalillahi, na gode ƙwarai, ban kawo wannan a raina ba. To in gwaji ya nuna allon lafiya lau, za mu iya buɗe murhun mu riƙa hura itace da sanyi? Yara za su so.

Baba daga Landan:
'Yata, ana iyawa, amma akwai ƙa'ida. Cikin abubuwan da suka sa kika ga an toshe murhu a yawancin tsofaffin gidaje akwai hayaƙin kwal da ya turnuƙe Landan a Disambar 1952, ya kashe dubban mutane. Daga nan aka yi dokar tsabtace iska ta 1956, ƙananan hukumomi suka sami ikon hana hayaƙi a unguwanni, mutane suka koma gas da lantarki. Ki duba shafin ƙaramar hukumarku da lambar unguwarku. In kuna cikin yankin hana hayaƙi, ba a ƙona itace a buɗaɗɗen murhu, sai dai makamashin da aka amince da shi ko murhun ƙarfe mai ƙofa da aka ba izini. Mai share bututu ya fara zuwa ya share ya gwada da hayaƙi, don tsohon bututu na iya yoyo zuwa ɗakin kwana na sama ko gidan maƙwabci. Saka murhun ƙarfe a nemi mai rajistar HETAS, ƙungiyar da ke tantance masu saka murhun itace, na gas kuwa doka ce sai wanda ke cikin Gas Safe, rajistar masu aikin gas. Ni a nawa ra'ayin, da ƙananan yara, ki bar shi ba wuta. Buɗaɗɗen murhu ma yawancin zafinsa sama yake tafiya.

Anti daga Leicester:
Yawwa, yanzu mu zo kan ado, inda na fi ƙarfi.

Kantar murhu ba jeren amarya ba ce, da za a cika bango da samira da tangaran daga ƙasa har sama. Jan bulo shi kansa ado ne, yana da layi yana da launi, in kika tara masa ƙananan kaya da yawa sai su riƙa faɗa da juna. Ki sami babban abu guda ya zauna a tsakiya. Turawa madubi suke sawa tun da, kuma da dalili: yana mayar da hasken taga cikin ɗaki, wanda zai rage ƙorafin Abban yara. Faɗinsa kada ya kai na kantar, ki bar bulo ya fito ta gefe da gefe. In ba madubi ba, babban allon Ayatul Kursiyyu mai farin fage, don rubutu mai duhu ɓacewa yake a kan ja.

Sai gefe ɗaya ki sa dogon abu, tulu ko kwalbar furanni, ɗaya gefen kuma gajeru biyu ko uku kusa da juna. Ba dole gefen dama ya yi daidai da na hagu ba. Abin da na ga ya fi hawa jan bulo shi ne farar ƙwarya mai zane, faifai mai launin ciyawa, tagulla, da ganye kore. Jar fata irin ta Sakkwato kyakkyawa ce amma a kan jan bulo ba a ganinta, ki kai ta kan kujera. Ramin kuwa, in an cire allon, a shafe cikinsa da baƙi, ki zaunar da babbar tukunyar ƙasa irin ta Gwari ko kaskonki. Zurfin baƙin shi ke fito da su.

Abu biyu da mutane ke mantawa. Madubin a ɗaure shi da ƙusa a bango, kada a jingina, yara na ja. Sannan ki duba alƙibla, a nan kudu maso gabas take. In bangon murhun ne ke gabanku lokacin salla, hotunan iyali su koma wani bangon, madubin ma ki sake tunani.

Talabijin kuma ki nuna wa Abban yara lungun da ke gefen murhun, ko dama ko hagu. A saman kanta ta yi tsayi, mutum na zaune sai ya ɗaga wuya.

Ɗan Jos:
Ikon Allah. Tsofaffin gidajen Turawan kuza a wajen Rayfield da Bukuru suna da irin wannan murhun, mu dai mun taso mun ga ana ajiye rediyo da agogo a kai.

Mai tambaya, Manchester:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Abban yara duka. Ya yarda a fara da gwajin allon da duba bututun, ya kuma yarda da lungu don talabijin, amma ya ce in an wanke bulon bai yi masa ba, farar ƙasar nan sai an shafa. Na duba alƙibla, tana wajen taga ne, saboda haka madubi zan sa. Tambaya ta ƙarshe: in an buɗe ramin, sanyi ba zai riƙa sauko mana ta bututun ba?

Mai aikin gini, Birmingham:
Zai sauko, Hajiya. Akwai toshiyar ulu da ake turawa cikin maƙogwaron bututun, irin Chimney Sheep, ko balan-balan da ake hurawa. Ki auna faɗi da zurfin maƙogwaron kafin ki saya. Kada dai a like shi gaba ɗaya, a bar 'yar kafar iska, a sama kuma a sa hula mai huji, in ba haka ba gishirin nan zai dawo. Kuma ki rataya wata alama a jikin toshiyar, don kada wata rana baƙo ya zo ya hura wuta bai san tana ciki ba.