Dolby ko DTS: wanne ya dace da falon gida a Yamai?

Ɗan Yantala:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kayan sauti. Na sayi ampili, wato na'urar ƙara sauti, na hannu tare da lasifika biyar da babbar ta ƙasa, wato wufa, na kafa su a falon da bai wuce mita biyar da huɗu ba, ƙasansa karo, samansa silin na katako a ƙarƙashin kwano. A goshin ampilin an rubuta Dolby Digital, DTS, Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, kuma na haɗa shi da talabijin ta wayar optik. Wani mai shago ya ce mini duk waɗannan sun zama tsohon yayi, in sayar da su in ɗauki doguwar lasifika guda mai Dolby Atmos. Shin bambancin da ke tsakanin waɗannan tsare-tsare abu ne da kunne ke ji, ko kuwa sunaye ne kawai na jawo mai saye?

Mai gyara a Katako:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi gaggawar rabuwa da kayanka, domin abin da ke hannunka ya fi wanda ake son ka saya, sai dai ba ka fara cin moriyarsa ba tukuna.

Sunayen nan gida biyu ne, kowane gida da tsararsa. Dolby Digital ya shiga sinima a 1992, DTS ya biyo baya a 1993, kuma dukansu suna matse sauti ne, suna zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsa ba. A faifan DVD, Dolby Digital ba ya wuce kilobit 448 a sakan, a Blu-ray yana kaiwa 640, shi kuwa DTS yana iya kaiwa megabit 1.5, ko da yake faya-fayan DVD da yawa rabin hakan suke ɗauka. Amma yawan lamba ba shi ne hukunci ba, tunda hanyar matsewar kowannensu daban ce. Tsara ta biyu, TrueHD da DTS-HD Master Audio, ba sa zubar da komai: abin da aka haɗa a situdiyo shi ne zai fito, saboda haka idan daga tushe guda aka ɗauko su, babu wanda ya fi wani.

Matsalarka tana wurin waya. Wayar optik tana iya ɗaukar Dolby Digital da DTS na tashoshi 5.1, wato na lasifika biyar da wufa, ko kuma sitiriyo marar matsi, iyakarta ke nan. Muddin ta nan sauti ke bi, TrueHD ba zai taɓa isa ampilinka ba, ko da faifan yana ɗauke da shi. Ka sa na'urar faifan kai tsaye a ƙofar HDMI ta ampilin, sannan hoto ya wuce daga ampilin zuwa talabijin. Idan fim ya fara, ka dubi ƙaramin allon da ke goshin ampilin, domin shi ba ya ƙarya: in ya rubuta PCM 2.0 ko Pro Logic, to sautin tashoshi biyu ne ake rarraba wa lasifika biyar. Gidajen da nake zuwa gyara, galibi haka nake tarar da su.

Game da Atmos, wanda ya fito a sinima a 2012, ya shigo gidaje a 2014, sabon abin da ya kawo shi ne sauti daga sama da kuma ba kowace ƙara matsayinta a sararin ɗaki. DTS:X na 2015 ma haka yake. Doguwar lasifikar nan tana harba sauti ne zuwa silin domin ya dawo kan mai sauraro, kuma tana son silin mai tauri, shimfiɗaɗɗe, wanda ba shi da tsayi sosai. A falon da fanka ke juyawa a tsakiyar silin tun daga watan Maris, ban ga yadda za ta kai lasifika biyu na gaske da ke bayan kunnenka ba.

Malamin makaranta daga Tawa:

Malam mai gyara ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ja a wuri guda. Idan Alhaji ya canza waya, kada ya sa rai zai ji wani gagarumin bambanci tsakanin Dolby Digital mai kilobit 640 da TrueHD. Bambancin yana nan, sai dai siriri ne, kuma a ɗaki mai karo da bangon siminti tsirara amsa-kuwwa takan haɗiye shi tun kafin ya kai kunne. Darduma mai kauri a tsakar falon da labule masu nauyi za su gyara fitar magana fiye da kowane suna da aka rubuta a goshin ampili.

Akwai kuma dalilin da ya sa mutane da yawa suke rantsuwa cewa DTS ya fi Dolby. Sautin Dolby yana zuwa da wata alama da ke gaya wa ampili matakin ƙarar magana, kuma a finafinai da yawa wannan alamar tana sa a rage ƙarar da kimanin desibel 4. Wanda ya sauya daga wannan zuwa wancan sai ya ji DTS ya fi cika ɗaki, alhali ƙara ce kawai ta ɗaga, kunne kuwa yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau. Duk mai son gwaji na adalci ya daidaita ƙarar tukuna.

Sannan a duba inda aka jera lasifikan, domin na sha ganin biyar ɗin duka an tsayar da su a kan kabad kusa da talabijin kamar kayan ɗakin amarya. Ƙa'idar ita ce ta tsakiya ta fuskanci mai kallo, ta hagu da ta dama su buɗe da kimanin digiri 30, na baya kuma su tsaya wajen digiri 110, wato a gefe da ɗan komawa baya. Idan lasifikan ƙanana ne, a saita su a matsayin ƙanana a cikin ampilin, a bar wa wufa sauti mai kauri, wato duk abin da ke ƙasa da hertz 80.

Ɗan Yantala:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba allon, PCM 2.0 yake nunawa. Amma faifan Blu-ray yana da wuyar samu a nan, kallonmu ya fi yawa ta dekoda, da intanet, da abin da yara ke kawowa a kile, wato USB. Shin canza wayar zai amfane ni a haka?

Mai gyara a Katako:

Zai amfane ka a wani ɓangare, Alhaji. Da farko ka shiga saitin sauti na talabijin da na dekodar, ka mayar da fitar sauti daga PCM zuwa Dolby Digital ko abin da suka kira otomatik, domin wannan kaɗai zai iya buɗe maka 5.1 ta wayar da kake da ita, idan shirin yana ɗauke da shi. Netflix da ire-irensa suna amfani ne da Dolby Digital Plus, wanda shi ma matsattse ne, har Atmos ɗinsu a kansa yake hawa. Wannan yana bi ta HDMI ARC, wato ƙofar HDMI da ke mayar da sauti daga talabijin zuwa ampili, shi kuwa TrueHD daga talabijin sai da sabon samfurinta, eARC. Finafinan Hausa da mafi yawan abin da ke YouTube sitiriyo ne tun daga tushe, babu ampilin da zai ƙirƙiro musu tashoshi biyar na gaskiya, don haka a nan ka gwada saitin Pro Logic II na ampilin, yakan tattara magana a lasifikar tsakiya. Kuɗin da ka yi niyyar kashewa a doguwar lasifika, ka fara sayen regilata mai kyau da shi, domin ampilan da ake kawo mini yawancinsu hawa da saukar wuta ne ya ƙona su.