Korona ce ta tsayar da aikin, ko Japan ce ta fake da ita?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Jiya a fada muna jiran shayi na biyu aka tayar da zancen makaman gubar da sojojin Japan suka binne a ƙasar Sin lokacin da suka sha kashi a 1945. Wai a 2020 an dakatar da tono su da lalata su saboda korona. Ni na ce fakewa ce da guzuma a harbi karsana. Wanda ya shekara 75 bai kwashe dattinsa daga gidan maƙwabci ba, annoba ce za ta hana shi? Mushe, kai ne ka san harkar, raba mu.

Mushen Kimiyya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rabin maganarka na karɓa, rabi ban karɓa ba. Yarjejeniyar hana makaman guba ta fara aiki ran 29 ga Afrilun 1997, Nijar ma tana ciki. A ƙarƙashinta, ƙasar da ta bar irin wannan makami a ƙasar wani ita ce za ta kawo kuɗi da ƙwararru da kayan aiki, mai ƙasa kuma ya ba da haɗin kai. Hukumar hana makaman guba ta duniya, OPCW, da ke birnin Heg na ƙasar Holan ce ke sa ido. To ka ga aikin ba ya yiwuwa sai ma'aikatan Japan sun tsallaka sun shiga Sin. A ƙarshen Maris na 2020 Sin ta rufe ƙofarta ga baƙi, wanda aka bari ya shiga daga baya ma sai ya yi makonni a killace. Ta ina injiniyan zai bi?

Ɗan Birni: Amurka fa? Ai ita ba ta tsaya ba.

Mushen Kimiyya: Ba ta tsaya ba, har ta lalata makaminta na ƙarshe a Kentaki ran 7 ga Yulin 2023. Amma nata a rumbunta suke, a ƙirge, kowanne da lambarsa, ma'aikatan kuma 'yan gida ne, ba iyakar da za su ƙetara. Na Japan kuwa da ke Haerbaling, a lardin Jilin na ƙasar Sin, a rami aka jibge su, an ƙiyasta guda 300,000 zuwa 400,000, tsatsa ta ci su, wasu na yoyo. Ba ɗaya ba ne.

Tsohon Soja: Malam ya faɗi gaskiya, bari in ƙara da abin da idona ya gani. Na yi aiki a arewa, wajajen Madama, inda nakiyoyi ke kwance cikin rairayi tun zamanin Faransa. Mai tono yana durƙushe ne, da ɗan tsinke da burushi yake share ƙasa kaɗan-kaɗan, wuni guda bai wuce 'yan taku ba. Bayansa akwai likita da mota a shirye. Ranar da likitan bai zo ba, ba mai taɓa ƙasa, ko wa ya ba da umarni. Wannan fa nakiya ce kawai. Ina ga wadda ke da guba a cikinta? Yaro, wanda ya ce a ci gaba da rabin ma'aikata bai taɓa jin gumi na zuba masa cikin ido hannunsa na kan ƙarfe ba.

Ɗan Birni: Baba, na ji, Allah ya saka da hidimar da kuka yi. Amma har yanzu ba a amsa mini ba. Kafin korona me ya hana?

Mushen Kimiyya: Yauwa, a nan ne nake tare da kai, kuma a nan ya kamata ka kafa hujjarka. Wa'adin farko na gama lalata su 2007 ne. Aka kai shi 2012. Sai a 2010 aka fara lalata na farko a Nanjin, na Haerbaling kuwa sai ƙarshen 2014. Aka sa 2022, ita ma ta wuce, aka koma 2027. Korona ta ci shekara ɗaya ko biyu, sauran jinkirin ba ita ta kawo shi ba. In ka ce annobar ƙarya ce aka fake da ita, za a kayar da kai cikin sauƙi. In ka ce da an yi aikin a kan lokaci da korona ba ta iske komai a rami ba, ba mai iya musa maka.

Hajiyar Zango: Ku yi haƙuri in sa baki. Kuna ta lissafin shekaru, ni mutanen da ke kwana kusa da ramin nake tunani. Na yi jinya shekaru a ƙauye. An taɓa kawo mana yaro, ya je wasa bayan wani tsohon sito inda aka manta da durom na maganin fara. Gindin durom ɗin ya ruɓe, ƙasar wurin ta yi baƙi tana maiƙo. Yaron ya zo yawu na dalala, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, ƙirjinsa na kurari. Allah ya tashe shi, amma daren nan ban manta da shi ba. Uwarsa ba ta san akwai durom a wurin ba, wanda ya ajiye shi kuwa ya daɗe da barin garin. Lokacin korona an rufe mana masallatai da iyakoki, mun zauna mun jira. Tsatsa ba ta jira kowa ba.

Mushen Kimiyya: Hajiya, irin abin da kika faɗa ya faru a birnin Cicihar na ƙasar Sin a watan Agustan 2003. Masu gini suka tono durom biyar, aka sayar wa mai sayen gwangwan, aka fasa. Gubar mastad ce a ciki, mai sa fata ta tashi kamar ƙunar wuta, ta lalata ido da huhu. Mutum ɗaya ya rasu, sama da 40 suka jikkata, har da yara. Muguntarta, ba a jin zafinta nan take, sai bayan sa'o'i, lokacin mutum ya riga ya kai ta gida a jikin tufafinsa.

Direban Agadas: Mu da muke bin hanyar Libiya fa? Ai Gaddafi ma ya tara irinta.

Mushen Kimiyya: Ya tara. An gama lalata mastad ɗin Libiya a farkon 2014. Ragowar sinadaran haɗawa kuma a 2016 jirgin ruwan Denmak ya kwashe su daga Misrata, aka kai Jamus aka lalata, Libiya tana cikin yaƙi a lokacin.

Ɗan Birni: To kun gani! Cikin yaƙi an yi. Na janye maganar cewa korona ƙarya ce, Baba ya gamsar da ni. Amma cewa Japan ta yi sanyin jiki, wannan ina nan a kai. Hajiya, wana gwangwan yake saye a wajen Kasuwar Dole, kullum yaransa na fasa tsofaffin durom da guduma. In wani abu ya zubo wa mutum, me za a fara yi?

Hajiyar Zango: Ɗana, a janye shi daga wurin zuwa inda iska ke kaɗawa. A cire masa tufafin, gara a yanka rigar da a zare ta ta kai. Mai taimakon ya rufe hannunsa, ko da leda ce. A wanke jikin da ruwa mai yawa da sabulu, ido kuma da ruwa zalla. Kada a ba shi nono ko manja, kada a sa shi amai. A kai shi likita ko da ya ce lafiyarsa lau. Ka gaya wa wanka yau, durom ɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba kada yaran su sa masa guduma.