Makarantar share fage ta sojan ruwan Amurka: ta kurata ce ko ta 'yan ƙwallo?

Nura: Assalamu alaikum. Ni fa zancen da ake yi cewa a Amurka kurtun sojan ruwa yana ɗaura anini muddin yana da ƙwazo, ban gamsu da shi ba. Makarantar share fage ta NAPS da ke Newport tun 1915 aka assasa ta domin a goge ƙananan sojoji su shiga kwalejin hafsoshi ta Annapolis. Yau kuwa yaran da aka ɗauko kai tsaye daga sakandare sun cika ta, da yawansu 'yan wasa ne da makinsu bai kai ba, ana ajiye su shekara guda kafin su buga wa kwalejin ƙwallo. Bruce Fleming, wanda ya daɗe yana koyar da Ingilishi a Annapolis ɗin, ya sha yin wannan suka a jaridu. An gina wa kurtu ɗaki, baƙo ya shige.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nura, rabin gaskiya ka kawo. Akwai 'yan wasa, ba musu. Amma doka ta ware gurabe 170 a Annapolis duk shekara ga ƙananan sojoji, 85 na masu aiki na dindindin, 85 na 'yan ko-ta-kwana. Abin tambaya shi ne me ya sa guraben ba su cika cika ba.

Nura: To me ya sa, Malam?

Malam Habu: Sharuɗɗa. Kada ka wuce shekara 23 ranar 1 ga Yuli ta shekarar shiga, kada ka yi aure, kada ya zama akwai ɗan da ke wuyanka. Yaro ya shiga soja yana 19, kafin ya gane hanya, kafin kwamandansa ya san shi har ya rubuta masa takardar shaida, ya kai 22, wataƙila ma da mata da jariri. Ka ƙara da wata goma na NAPS ana lissafi da kimiyyar sinadarai da fiziks da Ingilishi, sannan shekara huɗu a Annapolis, sannan aikin dole na shekara biyar. Mutum mai albashi ya koma ɗan aji ɗaya yara suna daka masa tsawa? Da yawa cewa suke a kai kasuwa.

Hadiza: Kun maƙale a ƙofa ɗaya kamar ita kaɗai ce. Ina shirin STA-21, na mayar da ƙananan sojoji hafsoshi? Sojan yana ci gaba da karɓar albashinsa da alawus, a ba shi har dala 10,000 a shekara na kuɗin makaranta da littattafai, ya yi mako takwas na horo a Newport, sannan ya gama digiri a jami'a cikin wata 36. Mai iyali ma yana shiga. Tushensa Admiral Jeremy Boorda, wanda ya shiga soja a 1956 bai gama sakandare ba, ya zama hafsa a 1962, ya zama babban hafsan sojan ruwa a 1994. Shi ne na farko da ya taso daga kurtu ya hau wannan kujera.

Nura: Anti Hadiza, kullum Boorda ake kawowa. Idan hanya a buɗe take, ai da ba a riƙa nanata suna ɗaya ba. Kuma STA-21 ba share fage ba ne. Wanda ya riga ya sami makin jarrabawar shiga jami'a, jami'a ta karɓe shi, shi ake ɗauka. Wanda ya fito daga makarantar da ba ta koya masa lissafi ba fa? Da can akwai shirin BOOST da aka yi domin irinsa, aka haɗe shi cikin STA-21.

Hadiza: Nan kam ka yi magana. Amma akwai tallafin karatu da rundunar ke biya wa soja ya ɗauki darussan jami'a yana bakin aiki.

Nura: A cikin jirgin da ya yi wata shida ko bakwai a teku, ana gadi dare da rana? Sai mai taurin rai.

Baba Ɗanladi: Yara, ku bar tsoho ya sa baki. Duk kun ɗauka sai an bi ta aji. Akwai hafsoshin da ake ɗagowa saboda ƙwarewa a sana'a, masu inji, masu makamai, masu sadarwa, bayan shekaru suna aiki, ba a tambayarsu digiri. Turawa LDO suke ce musu. Aibinsa dai ba kasafai ake ba su jan ragamar jirgin yaƙi ba, galibi iyakarsu kyaftin na ruwa, wato daidai da kanar a sojan ƙasa. Amma a jirgi, ƙaramin hafsan da ya fito daga kwaleji jiya wurinsu yake zuwa tambaya a ɓoye.

Malam Habu: Allah ya ja kwana, Baba. Sai dai wannan ma yana goyon bayan Nura ta wani gefen: an ba ka anini, an kuma sa maka rufi.

Baba Ɗanladi: Rufin kyaftin ai ba ya taɓa kan mutane da yawa, Habu.

Sadiya: Ni tambaya gare ni. Ƙanena yana da takardar zaman dindindin a can, yana son shiga. Wanne zai nema?

Malam Habu: Zai iya shiga a kurtu, amma hafsa sai ɗan ƙasa. Ya fara neman zama ɗan ƙasa da zarar ya shiga. Shekarunsa nawa?

Sadiya: 21, kuma an sa masa rana bayan Sallah.

Nura: To Annapolis kam ta wuce shi. Anti Hadiza, ga naki, ki yi masa bayanin STA-21.