Muhawara: Clarence Darrow gatan marasa gata ne, ko lauyan duk wanda ya biya?

Barista: Assalamu alaikum. Ana yawan kiran Clarence Darrow, lauyan Amurka da ya rasu a 1938, gatan marasa gata, amma ni wannan kirari bai gamsar da ni ba. A 1924 ya kare Leopold da Loeb, 'ya'yan attajiran Shikago da suka sace Bobby Franks, yaro ɗan shekara 14, suka kashe shi don kawai su nuna za su iya ta'asa ba a kama su ba. Ina rashin gata a nan?

Malama: Wa alaikumus salam, Barista. Ai bai musanta kisan ba, shi ne ma ya sa suka amsa laifinsu, abin da ya roƙi alƙali kawai shi ne kada a rataye su, domin ya daɗe yana adawa da hukuncin kisa, aka kuwa yi musu ɗaurin rai da rai. Ni dai da shari'ar Dakta Ossian Sweet nake auna shi. Likita ne baƙar fata da ya sayi gida a unguwar farare a Detroit a 1925, jama'a suka yi wa gidan ƙawanya suna jifa da duwatsu, aka yi harbi daga ciki, mutum ɗaya ya mutu, aka gurfanar da mutum 11. Darrow ya tsaya gaban masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, ya nuna musu cewa da farare ne suka kare gidansu haka, babu wanda zai tuhume su. A 1926 aka wanke Henry, ƙanin likitan, daga baya aka janye tuhumar sauran. Lauyoyi nawa ne za su yarda su taɓa wannan shari'a a wancan zamani?

Ɗalibi: Malama, a gafarce ni, amma akwai ta Hawai a 1932. A can Darrow ya kare fararen da suka sace Joseph Kahahawai, ɗan asalin tsibirin, suka kashe shi bisa zargin fyaɗen da kotu ba ta tabbatar ba. An same su da laifi, sai gwamna ya mai da ɗaurin shekara 10 zuwa awa ɗaya.

Barista: Madalla, ƙanena. Kuma ya karɓi aikin ne bayan karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta cinye dukiyarsa.

Malama: Wannan shari'a tana ƙona mini rai, ba zan kuma kare ta ba, domin iyalin Kahahawai ne marasa gata a ciki. Sai dai, Barista, mutumin da ya ajiye aikinsa na lauyan kamfanin jirgin ƙasa a 1894 ya koma kare Eugene Debs, jagoran ma'aikatan da ke yajin aiki, ba za a ce kuɗi kaɗai yake bi ba.

Barista: Na karɓi ta Debs da ta Sweet, Malama. Ta Hawai kuwa har yanzu ina jiran mai amsa mini ita.