Kuɗin lasisin hoto: wane suna za mu ba shi da Hausa?

'Yan uwa masu ɗaukar hoton talla, da malamanmu masu fassara, ku zo mu tsayar da magana.

Idan kamfanin sabulu ya kira ka ɗaukar hoto, kuɗin kashi biyu ne. Akwai na aiki: yininka, fitilu, zaman gyara a kwamfuta. Akwai kuma wanda zai biya don ya yi talla da hoton. Na biyun nan ba shi da suna a bakinmu, shi ya sa yake bin ruwa wajen ciniki.

A bar shi "lasisi"? Bahaushe in ya ji lasisi, na tuƙi yake tunawa. Ka ce wa Alhaji akwai kuɗin lasisi, sai ya tambaye ka wane ofis za a kai. Wasu sun kawo "aro", amma aro ba a biya. "Izini" kuma da baki ake bayarwa, a yi godiya a watse.

Ni dai "haya" ta kwanta mini: kuɗin hayar hoto. Mai hayar gona ya san damina nawa zai noma, ya san iyaka, ya kuma san gonar ba tasa ba ce. Da ka ce haya, tambayoyin farashi za su taso da kansu. Wata nawa? Kano kaɗai ko ƙasa baki ɗaya? Wata uku a Instagram, ko shekara biyar a jikin kwali da allunan bakin titi? Ai kuɗinsu ba zai zo ɗaya ba.

Doka ma tana gefenmu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ce sayar da haƙƙin ɗungurungum sai a rubuce. Biyan kuɗin aiki kawai bai mayar da hoton na kamfani ba.

Inda kalmar ke ɗingishi: hoto ɗaya ana iya ba mutum ɗari hayarsa lokaci guda, da haka kamfanonin da ke ba da hayar hotuna a intanet, irin su Shutterstock da Getty Images, ke cin abinci. To sai mu raba. "Hayar keɓe" in kamfani ɗaya ya riƙe, ita ce mai tsada, "hayar gama-gari" in kowa na iya ɗauka. Irin wadda ake biya sau ɗaya a yi ta amfani kuwa, wadda ake ce wa "royalty-free" da Turanci, don Allah a daina fassara ta da "kyauta".

Mutanenmu na Maraɗi da Damagaram, ku me kuke rubutawa a rasit?