Mazauna Amurka: an taɓa nuna muku ɗan takara daga kan mimbari?

Direban Ohio: Barkanmu da warhaka. A Yulin 2025 hukumar haraji ta IRS ta shaida wa wata kotu a Texas cewa idan fasto ya goyi bayan ɗan takara a gaban mabiyansa lokacin ibada, tamkar hirar cikin gida ce, ba za ta hana cocin afuwar haraji ba. Me kuka gani da idonku a wuraren ibadarku?

Ma'ajiyar coci: Ɗan'uwa, fastonmu bai taɓa kiran sunan kowa ba. Amma ranar Lahadin da ke gaban zaɓe sai ka tarar da takarda a bakin ƙofa, an jera matsayin 'yan takara kan zubar da ciki da sauransu, ko yaro ya san inda aka dosa. Haka ake zagaye dokar nan da Lyndon Johnson ya kawo a 1954 yana sanata, wadda ta hana coci da ƙungiyoyin da ke da afuwar haraji goyon bayan ɗan takara.

Ni abin da ya fi damuna daban ne, don ni ke riƙe da littafin kuɗi. Sauran ƙungiyoyin agaji duk shekara sai sun cike fom mai lamba 990, kowa na iya duba albashin shugabanninsu. Coci ba a ɗora mata wannan ba. Kuɗin gidan fasto ma ba a cire masa harajin kuɗin shiga. Da na ce a karanta wa jama'a lissafin baiko da zakka dalla-dalla a taron shekara, wani dattijo ya ce ina zargin bawan Allah. Sai da mata suka mara mini baya aka karanta. Ba a ci ko sisi ba, amma har yau dattijon gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Baban Hafsa, Michigan: Anti, dokar ta shafi masallatai ma. A 2024, saboda Gaza, matasa suka matsa wa limaminmu ya faɗi wanda za a zaɓa. Ya ce a yi rajista, a fita a jefa ƙuri'a, iyakarsa ke nan. 'Yan kamfe kuwa wurin ajiye motoci suke tare mu bayan Juma'a.

Tsohon mawaƙin coci: Ai dama dokar kyanwar Lami ce. Shari'ar da kowa ke ambata ita ce ta cocin Pierce Creek a jihar New York, wadda ta sayi shafin jarida a 1992 tana cewa kada Kirista ya zaɓi Bill Clinton, aka janye mata afuwar a 1995. Daga 2008 wasu fastoci suka riƙa kiran sunan ɗan takara da gangan, suna aika wa IRS wa'azin don a kai su kotu. Inda nake zuwa a da, fasto ya ce wanda ya zaɓi ɗaya ɓangaren ya binciki bangaskiyarsa. Iyalai da dama suka daina zuwa, har da mu.

Nas mai aikin dare: Surukata na cikin masu aika "iri", wato kuɗin baiko da fatan samun albarka, ga masu wa'azin talabijin daga ɗan kuɗin fanshonta. Da ɗayansu, Creflo Dollar, ya nemi dala miliyan 65 a 2015 don sayen jirgin sama, ta ce aikin Ubangiji ne. Sanata Chuck Grassley ya fara binciken irin waɗannan su shida a 2007, aka rufe a 2011 ba a hukunta kowa ba. Amma kada a yi musu kuɗin goro. Namu faston sito yake yi wa aiki da dare, hayar ɗakin ibadar ma da ƙyar muke haɗawa. A sa mana haraji, mu za mu fara rufewa, ba masu jirgi ba.

Ma'ajiyar coci: 'Yar'uwa, ku sa mutum biyu su riƙa ƙirga baiko tare, kuma kada fasto ya zama mai sa hannu a cek shi kaɗai. Mu da haka muka fara. Baban Hafsa, ku a masallaci wa ke duba asusun?